Kafin alƙalami: yadda cinikin gida ya sauya a ƙasar Mallawa, daga goron mai gari zuwa takardar banki



Duk lokacin da muka buɗe layi a rediyo kan maganar fili da gida, ƙorafi guda ne ke yawan dawowa. Mutum ya ga gida, ya taya, an sallama masa, ya ba da kafin alƙalami, ya yi alkawarin cikawa nan da wata biyu. Wata biyu ta cika, kuɗin da yake jira ba su zo ba. Ko banki ya ce takardun gidan ba su isa ba, ko ɗan'uwan da ke Legas ya aiko da naira ta narke a hanya, ko adashin ya watse kafin kwasarsa. Mai gida kuwa ya riga ya taɓa kafin alƙalamin. Daga nan sai gaban mai gari, sai gaban sarki, wani lokaci har kotu, kuma galibi mutanen biyu ƴan uwa ne ko surukai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu koma baya kaɗan, mu duba yadda aka yi har muka iso nan.

Ku tambayi dattawanmu, za su gaya muku a ƙauye gida ba abin sayarwa ba ne a da. Saurayi in ya yi aure, ana yanka masa wuri a cikin gidan ubansa. Baƙo in ya zo, mai masaukinsa ya kai shi wurin mai gari, ya miƙa goro, a nuna masa inda zai kafa danga. Abin da ake tanada kafin gini ba kuɗi ba ne: a buga tubali da rani, a nemo azara, a tara kara da ciyawa, a ware hatsin da za a yi wa masu gayya fura da tuwo. Wanda bai tara waɗannan ba, ba ya kiran gayya, don kunya ce mutane su taru a ce laka ta ƙare. Shirin yana gaba, magana tana baya. A manyan birane irin Kano an daɗe ana cinikin gidaje, amma a ƙasar Sosebaki da ƙauyukan Magarya ƙasa tana da yawa, mutane ne ake nema.

Bashi kuwa akwai shi tun da can, sunansa jingina. Mai buƙata ya ba da gonarsa, ya karɓi kuɗi ko hatsi, mai kuɗin ya riƙa noma ta har ranar da aka fanshe ta. Ku riƙe wannan kalma, don ita ce bankuna suka ɗauka daga baya, sai dai sun juya ta. A jinginarmu ta gargajiya, wanda ya ba da bashi shi ke riƙe da gonar. A ta banki, kai ne ke zaune cikin gidan, bankin yana riƙe da takarda, kuma in ka kasa biya yana da ikon kai gidan gwanjo ta hanyar shari'a. A jinginar gona ba a sa ranar ƙwacewa. Jika yana iya zuwa ya fanshi gonar kakansa. Da yawa daga cikinmu har yau da wancan tunani muke shiga banki.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 ne ayarin Tilho da takwarorinsu na Ingila suka bi suna kafa alamun iyakar da ta raba mu da Gumel da Daura. Damagaram ta riƙe hedikwatar mulkin har 1926 da aka mai da ita Yamai. Abin da ya shafi zancenmu shi ne dokar 26 ga Yuli 1932, wadda ta tsara rajistar ƙasa a duk yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Daga ita ne takardar da ake kira titir fonsiye ta samu gindin zama: a auna fili, a zana shi, a ba shi lamba a babban littafi, sannan ya zama mallakar da hukuma ta sani. An yi tsarin ne don kamfanonin Turawa da manyan ƴan kasuwa na birni. Manomin Mallawa bai ji labarinsa ba, kuma ba shi da dalilin ji. Amma tun daga ranar aka samu mallaka iri biyu a ƙasa ɗaya, wadda jama'a suka shaida da wadda littafi ya shaida, kuma har gobe banki ta biyun kawai yake gani.

Gyaɗa ce ta fara sa gida ya zama maganar kuɗi a wajenmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar kudancin Damagaram ta samu hanyar fita. Bayan samun ƴanci aka kafa SONARA da UNCC a 1962, Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin saye, har ta samu masana'antar man gyaɗa ta SEPANI. A wancan zamani ne aka fara ganin rufin kwano da daɓen siminti a gidajen masu awo da manyan manoma. Lissafin mai sauƙi ne: kaka ta yi, a kai gyaɗa sikeli, a karɓi kuɗi a hannu, a sayi kwano. Sai mutane suka saba da wani sabon abu, wato yin alkawari a kan gyaɗar da ba a tuge ba. «In kaka ta yi zan cika.» Shekaru da dama maganar tana cika. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, sannan a 1975 cutar da ɗarɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar Nijar da ta arewacin Najeriya. Noman bai sake komawa yadda yake ba. Wanda duk ya ɗora alkawari a kan kakar waccan shekara, ya san abin da ya gani.

A ɓangaren gwamnati kuma, an yi ƙoƙarin kafa hanyoyin rance. Akwai Crédit du Niger, wanda aikinsa ba da bashin gini ne, akwai SONUCI da aka kafa a 1962 don yanka filaye da gina gidaje, akwai babban bankin BDRN na 1961, akwai kuma CNCA ta manoma. Gaskiyar magana, bashin gida na wancan lokaci na ma'aikata ne, galibinsu mazauna Yamai, masu albashin da ake iya yanka daga tushe. Kuma tsarin bai daɗe ba. CNCA ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, BDRN ya rushe a 1990 saboda tarin basussukan da ba a biya ba, aka kafa SONIBANK a kan burbushinsa. Bankunan da suka biyo baya sun koyi darasi, suka zama masu tsantseni ƙwarai: ba takarda, ba bashi. Mu ba ma ganin laifinsu a kan wannan. Abin da muke gani shi ne an bar talaka shekara da shekaru ba wanda ya zauna ya yi masa bayanin wace takarda ake nufi.

Yanzu bari mu daɗe a kan abin da ya fi cizon mutanen bakin iyaka, wato kuɗi iri biyu. Mu nan aljihu ɗaya, sefa da naira. Ana sayar da rago a Maigatari ranar Alhamis a karɓi naira, a dawo gida a yi cinikin fili da sefa, ko kuma a yi akasin haka. Ko ƙirgar ma tana da tarko. A nan dala sefa 5 ce, jika kuwa dala 200, wato sefa 1000. A tsallaken iyaka, tsofaffin ƴan kasuwa in sun ce jaka, naira 200 suke nufi. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne ranakun da ɗaya daga cikin kuɗin ya sauya dare ɗaya.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƴan kwanaki na musanya. Masu ajiyar naira a wannan gefe da yawa sun tashi da takardu marasa amfani, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai 1986, shekarar da Najeriya ta fara karya darajar nairar. Ranar 12 ga Janairun 1994 kuma sai abin ya juyo kanmu: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kwano da siminti da ƙarfe, ya wayi gari tarinsa bai kai inda ya auna ba. Na baya-bayan nan duk mun gan su da idonmu. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. An sake fasalin naira a ƙarshen 2022, farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. A Yunin 2023 aka saki nairar ta nemi farashinta a kasuwa, ta yi ta gangarowa. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Ita sefa tana ɗaure da yuro a kan 655,957 tun da aka shigo da yuro, naira kuwa tana yawo. Saboda haka yaron da ke aikin ƙarfi a Kano ko Fatakwal, wanda ya ce wa mahaifinsa «Baba, ka taya gidan, ina da kuɗin», yana iya faɗin gaskiya ranar da ya yi maganar, wata uku bayan haka kuma kuɗin su kasa kai kashi biyu cikin uku na abin da aka yi ciniki. Ba wanda ya yi ƙarya, amma kafin alƙalami ya tafi. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kuɗin da ba a mai da su irin kuɗin da aka yi ciniki da su ba, ba a lissafa su cikin abin da ke hannu.

Mu koma kan takardu. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda aka fi sani da Kod Rural. Ita ce ta amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa: COFOB a ƙauye ƙarƙashin mai gari, COFOCOM a ƙaramar hukuma, COFODEP a gunduma. Suna ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta gado da mallakar gargajiya, har da ta jingina da ta aro. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magajin gari kusa da mu, a 2011 kuma aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, Mallawa na cikinta. Wannan duk ci gaba ne, kuma takardar COFO ta kashe rigima mai yawa. Sai dai matakala ce mai hawa-hawa. A ƙasa akwai ƴar takardar hannu da shaidu biyu. Sama da ita ta mai gari ko ta COFO. Sama da ita takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa a kan filin da aka yanka a hukumance, wadda ake kira akt da sesiyon. A can ƙoli titir fonsiye. Dokar OHADA kan jingina, wadda Nijar ke aiki da ita kuma aka sabunta a 2010, ta ce ƙasa ko gidan da aka yi wa rajista ne ake ɗora wa jinginar banki. A 2006 gwamnati ta fito da titir mai sauƙin nema da ake kira Sheda don rage tsada da jinkiri. Duk da haka, ku zagaya unguwanninmu ku tambaya gida nawa ke da shi.

To, a ƙarshen 2018 aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar, BHN, a Yamai. Tun 2010 ma akwai wata hukuma ta yankin UEMOA mai mazauni a Lome, CRRH, da ke samar wa bankuna kuɗi masu dogon wa'adi don su iya ba da bashin gida na shekaru masu yawa. Ke nan ƙofar tana nan, ga malamin lakwal, ga ma'aikacin likita, ga soja, ga ɗan kasuwar da kuɗinsa ke bi ta banki. Abin da bankin zai tambaya ba ɓoyayye ba ne: albashinka ya riƙa sauka a wurinsu, takardun albashi na watannin baya, shekaru nawa suka rage maka kafin ritaya, wani bashi na kanka ko babu, abin da za ka zuba daga aljihunka, inshorar rai, sai takardar gidan. Kuma abin da ake yanka a wata yawanci bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi ba.

Mu yi lissafi na misali, kowa ya gwada da nasa. Mu ɗauka albashinka jika 150. Kashi ɗaya cikin uku jika 50 ke nan a wata. Cikin shekara goma, wata 120, za ka biya miliyan 6. Amma ba miliyan 6 za a ba ka ba. In muka ƙaddara ruwan kashi 10 cikin ɗari a shekara, abin da zai shigo hannunka kusan miliyan 3 da jika 800 ne, sauran ruwa ne. Daga ciki kuma ba a cire kuɗin buɗe fayil, da inshora, da na notar, da na rajista, da la'adar dillali ba. Mutumin da ya je ya taya gidan miliyan 6 don ya ji an ce «za ka iya samun bashin shekara goma», ya taya abin da ba shi da shi. Wannan lissafi minti goma ne a gaban ma'aikacin banki, kuma ana iya neman a rubuta maka a takarda cewa sun amince da kaza bisa sharaɗi kaza. A Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin daga gare ta, doka ta sa in mai saye ya dogara da bashin banki kuma bankin ya ƙi, cinikin ya warware, a mai da masa abin da ya ajiye. Mu a nan, in ba ka sa an rubuta wannan sharaɗi ba, ba wanda zai rubuta maka shi.

Ƙananan asusun rance kuwa, a yi hattara da ɗaukar su a matsayin hanyar sayen gida. A 2014 aka sa iyakar ruwa a yankin UEMOA kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu, kuma wa'adinsu gajere ne. Kuɗin sana'a ne mai juyawa, gida kuwa ba ya juyawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ruwa ba, akwai Bankin Musulunci na Nijar da ke aiki da tsarin murabaha, inda banki ke sayen abu ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Shi ma sai ya ga albashi ko shigar kuɗi, sai ya ga takarda.

Mafi yawanmu dai ba ta banki za mu bi ba, kuma ba abin kunya ba ne. Adashi, kiwon rago da sa, wake da riɗi, kuɗin cin rani ta Nita ko Amana, su ne suka gina galibin gidajen bulo da kuke gani a bakin hanya. Matanmu ma sun riga mu iya tsari: tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu har wasu ƙasashen Afirka suna kwaikwayo. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ranarsa. Kwasar adashi tana da wata, rago yana da Layya, wake yana da lokacin da farashinsa ke tashi. Wa'adin cika kuɗin gida a ɗora shi bayan ranar, da ɗan rara, kada a ɗora shi a kanta daidai.

Akwai kuma abin da malamanmu suka daɗe suna faɗa ba a cika saurara ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, cinikin da aka gina a kan cewa in mai saye ya fasa, kafin alƙalaminsa ya zama na mai kaya, ba ingantacce ba ne. Hanbaliyya ce ta halatta shi. Ke nan mai gidan da ya ce «kuɗinka sun ci kansu» ba shi da ƙafar tsayawa a gaban malamin garinmu. Amma samun gaskiya daban, samun kuɗi daban. In ya riga ya yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki da su, sai ka yi ta jira. Haka nan gidan gado da ba a raba ba: in ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya farashin su karɓe. Kuma a yankinmu da wuya ka samu gidan gado da duk magadansa ke gari. Wani yana Agadas, wani Libiya, wani Aljeriya, ga mata da ke gidajen aure a Babura ko Gumel waɗanda ake mantawa da rabonsu har sai an zuba harsashi. Wanda ya karɓi bashi ya biya irin wannan gida, banki zai ci gaba da yankar albashinsa kowane wata ko da ana can ana shari'a.

Dillalai, ku yi haƙuri, ba faɗa muke da ku ba. Sana'arku tsohuwa ce, kuma la'ada halal ce. Amma kun san kalmar da kuka fi so: «Alhaji, wani yana nan tafe da kuɗi, ka sa wani abu ka riƙe.» Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma dabarar kasuwa ce. Mai saye yana da damar ya ce a ba shi mako guda, ya je ma'aikatar magajin gari ya duba lambar filin da sunan da ke kanta, ya ga mai unguwa, ya tambayi maƙwabta na gabas da yamma inda iyaka ta tsaya, ya tabbata wurin ba burtali ba ne, ba filin lakwal ko na kasuwa ba, ba kuma kwarin da ruwa ke kwana a watan Agusta ba. In gidan ya tafi cikin makon, wani zai fito.

Ranar da za a rubuta takardar kafin alƙalami kuma, abubuwan da aka fi yin rigima a kansu su ne waɗanda aka fi barin su a baki. A rubuta farashin da lamba da kuma kalmomi, a faɗi ƙarara sefa ne ko naira, in za a biya wani sashe da naira a rubuta canjin wace rana za a bi. A sa ranar cikawa, a sa abin da zai faru da kuɗin da aka ajiye in banki ya ƙi ko in wani magaji ya fito, a faɗi wa zai biya la'ada da kuɗin sauya suna. Shaidu su kasance na ɓangare biyu, mai gari ko mai unguwa ya sa hannu da hatimi, kowa ya tafi da kwafinsa. A ɗauki hoton takardar da waya a tura wa ɗan'uwan da ke aiko da kuɗin, shi ma ya ga ranar da aka ɗaure shi da ita.